Hattara da mai tallan jan bidi a waya

Salamu alaikum 'yan uwa mahaya da masu kiwon dawaki. Akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp da Facebook yana tura bidiyo yana tallan ingarma jan bidi, wato jan doki mai gaurayen farin gashi, haɗe da wani ƙuru, wato doki mai ƙaramin jiki, wai na hawan yara. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba mu ma na aro ne, layinsa kuma ya daina shiga. Bidiyon dai har yanzu yana yawo.

Ƙanena ne ya faɗa tarkonsa, ana saura mako uku Babbar Sallah, lokacin da kowa ke neman abin hawa ido rufe. Doki kam ya haɗu, ni kaina da na gani sai da na yaba. Mutumin ya ce dokin yana Maigatari, daga Nijar aka shigo da shi, kuma wani alhaji ya riga ya taya, in ba a sa kafin alƙalami yau ba gobe sai labari. Ƙanena ya tura naira dubu 150. Kwana biyu aka nemi kuɗin mota, ya tura. Sai ga wani ya kira a matsayin direba, wai an tare su a hanya sai an biya kuɗin takardar likitan dabbobi. A nan jikinsa ya yi sanyi, ya zo ya same ni.

Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar kasuwar Maigatari, muka kama hanya. Muka zaga wajen dawaki muna nuna wa dillalai bidiyon. Wani dattijo ya kalla, ya miƙo mini wayar, ya ce: "Ɗana, ba ku kuka fara zuwa da wannan ba." Babu wanda ya taɓa ganin dokin a kasuwar.

Da dattijon ya ga mun yi jugum, sai ya zaunar da mu ya ƙara mana karatu, kuma wannan ya fi tsaya mini a rai. Ko ka ga doki ido da ido, launi na iya cin kuɗinka. Jan bidi na gaskiya, farin gashi a jiki yake gauraya da jan, amma kai da ƙafafu suna nan da duhunsu, kuma haka zai tsufa. In ya ji rauni, gashin da zai fito a tabon ja ne tsantsa. Akwai kuma dokin da ake haifa ja, sannan ya riƙa yin haske shekara bayan shekara har ya koma fari. Yana ƙarami sai ka rantse bidi ne. Shi wannan daga fuska furfurarsa take farawa, musamman gefen idanu. To duba kai kafin ka duba jiki.

Ƙuru ma haka. Ana kawo dukushin da yunwa ta tsumburar a ce ƙuru ne. Buɗe bakinsa: doki yana fara famfarar haƙoran gaba a shekara 2 da rabi, sai wajen shekara 5 yake cika baki. Mai haƙoran nono bai gama girma ba, balle a ɗora masa yaro ranar hawa.

Gurgu kuwa allurar kashe zafi ake yi masa da safen kasuwa. In mai doki ya ƙi yarda a sake gwada shi washegari, ka bar masa kayansa.

Wanda ba zai iya zuwa ba ya aika wanda ya san doki, a yi ciniki gaban shugaban dillalai da shaidu, a biya la'ada, sannan kuɗi su fita. Mu dai mun kai ƙara wajen 'yan sanda da lambar asusun. A bidiyon, dokin yana ɗaure a turke jikin wata katanga mai shuɗin fenti, da jar ragama a kansa. Duk wanda ya gan shi a zaurensu ya sanar da shugaban zauren a cire shi.