Riyal 40 na biya don in kalli wasan Kano daga Jidda

Shekarata tara a Jidda ina tsaron shagon yadi a Balad, tsohuwar unguwar garin, kuma rabona da jin kalangu a fili tun bikin ƙanwata. Shi ya sa da ƙanina ya ce za a haska wasan Sallar wani mawaƙi kai tsaye daga Kano ta wata manhaja, ban tsaya dogon tunani ba. Riyal 40 ne. Katin Mada, wato katin banki na Saudiyya, na sa, sau biyu ana mayar mini, sai a na uku kuɗin ya shiga, suka turo lamba ta imel. Waya ɗaya lambar ke buɗewa. In ka ba wani, kai za a fitar.

Sun rubuta ƙarfe 8 na dare, ba su ce na ina ba. Mu a nan mun riga Najeriya da awa biyu, ga kuma lokacin mutanenmu, don haka sai sha ɗaya da rabi aka buga gangar farko. Mu biyar ne a ɗaki, mun haɗa wayar da talabijin, shayi ya huce, gurasar tamis ta bushe. Baba Alhaji, dattijon ɗakinmu, har ya yi barci ya farka.

Amma da aka fara, gaskiya hoton ya yi kyau. Kyamara uku ce, kuma mai riƙe da ta kusa ya san aikinsa: ya tsaya a kan hammatar mai kalangu, kana ganin yadda yake matse tsarkiya yana saki, gumi na bin gwiwar hannunsa. Ko a cikin zauren ba za ka ga haka ba. Sautin ne ya ɓata mini rai. Daga mikisa suka ɗauko shi, muryar mawaƙi tas, fiyano ya cika kunne, kalangun da na biya dominsa yana can ƙasa kamar a maƙwabta. Jama'a kuwa ba ka jin su sam. Kana ganin mata suna rangaɗa guɗa, baki buɗe, shiru. Makirfo ɗaya da aka juya wa zauren da ya wadatar.

Akwai maɓallin liƙi, na kuma gwada da riyal 20. Can sai sanƙira ya ɗaga murya ya kira ni da mutumin Jidda, maƙwabcin Ɗakin Allah. Ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Sai dai ƙanina da ke zauren ya riga ya kira ni yana ihu tun kafin in ji, saboda hoton yana bayansu da kusan rabin minti.

Sau biyu ya tsaya cak, na biyun a tsakiyar waƙar da kowa ke jira, kuma ba daga wajenmu ba ne. Data ta ci mini kusan giga biyar. Sun bar maimaici na kwana biyu, washegari na kalli wurin da ya yanke a shago.

Zan sake saye in sun gyara sautin. Baba Alhaji dai ya ce a wasa na gaba ba da shi ba, sai in an fara da zarar an idar da Isha'i ta Jidda.