Sharhi kan manhajar Google Earth Pro wajen koyon tudu da kwarin ƙasa

Duk malamin da ya taɓa koyar da karatun taswira a ajin sakandare ya san inda ɗalibai suke cijewa, wato a kan layukan nan masu launin ƙasa-ƙasa da suke nuna tsayin wuri daga matakin teku. Ana gaya wa yaro cewa idan layukan sun matsu da juna gangaren yana da tsauri, idan sun yi nesa da juna ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ya haddace maganar ya rubuta ta a jarrabawa, alhali idonsa bai taɓa ganin tudun a cikin takardar ba. Wannan matsala ce ta sa na zauna da manhajar Google Earth Pro ina gwada ta, kuma a kan wannan aiki kaɗai zan auna ta.

Asalin manhajar na kamfanin Keyhole ne, wanda Google ya saya a 2004, ya fitar da ita da sunan Google Earth a 2005. Samfurin Pro, wanda ake saukewa a kwamfuta, a da na kuɗi ne, amma tun 2015 ya zama kyauta. Kaso mai yawa na bayanan tsayin ƙasa da irin waɗannan manhajoji suke dogaro da su ya samo asali ne daga awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, inda cikin kwana 11 ya auna mafi yawan doron ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne damar karkatar da kallo. Maimakon mutum ya tsaya yana leƙen ƙasa daga sama kamar yadda taswirar takarda take tilasta masa, yana iya saukowa ya dube ta ta gefe, ya zagaya dutse, ya bi kwari har inda ya ƙare. Akwai kuma wurin da ake ninka tsayin tuddai har sau 3, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasa irin tamu da yawancinta shimfiɗe take, domin tudun da ido ba zai lura da shi ba sai ya fito sarari. Idan aka nufi Jos daga ɓangaren kudu maso yamma, ana ganin yadda ƙasa take miƙewa tsaye kamar garu, sannan ta shimfiɗe a sama a kan tsayin da ya haura mita 1,200, duwatsun Shere kuma su ɗara zuwa kimanin mita 1,829. Ɗalibin da ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin sanyin Jos, ko dalilin da ya sa kogunan Kaduna da Gongola suka samo tushe daga can suka kama hanyoyi daban-daban.

Sai kuma kayan aikin da nake ganin shi kaɗai ya isa a sauke manhajar dominsa. Mutum yana ja layi daga wani wuri zuwa wani, sai manhajar ta zana masa yadda ƙasar za ta kasance da a ce an yanka ta a tsaye kamar yadda ake yanka kabewa, tare da tsayin kowane wuri da tsananin gangarensa. Wannan shi ne ainihin zanen da ake sa ɗalibai su yi da fensir da ruler da gefen takarda. Na ja layi daga Jos ta Bauchi zuwa Maiduguri har Tafkin Chadi, na ga ƙasa ta faɗo daga mita 1,200 da ɗoriya zuwa kimanin 600 a Bauchi, ta kai 300 da wani abu a Maiduguri, ta ƙare a kusan mita 280 a bakin tafkin. Irin wannan shimfiɗuwar ƙasa a yankin Tafkin Chadi ce ta sa ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are yake rasa gangaren da zai yi gudu a kansa, ya bazu cikin fadamu tsakanin Haɗeja da Nguru kafin ya tattaru ya zama kogin Yobe.

Akwai tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da suka koma baya har 1984, waɗanda suke nuna yadda Abuja da Kano suka faɗaɗa. Sai dai mai neman ganin janyewar Tafkin Chadi daga faɗinsa na kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya sani cewa mafi yawan janyewar ta riga waɗannan hotuna faruwa.

Manhajar tana da rauni, kuma mafi girmansa a wurina shi ne ba ta zo da layukan tsayi ba. Tana nuna siffar tudu, amma ba ta nuna yadda ake rubuta tudun a taswira, alhali jarrabawar WAEC da ta NECO a kan taswirar takarda ake yin su, galibi tsofaffin taswirorin ma'aunin 1:50,000 waɗanda tsayinsu da ƙafa aka auna shi. Saboda haka dole ne malami ya shimfiɗa takardar a gefen kwamfuta, ya mayar da ma'aunin manhajar zuwa ƙafa, ya riƙa haɗa abin da ke nan da abin da ke can. Alkaluman tsayin ma kiyasi ne, domin awon yana ɗaukar fili mai faɗin kusan mita 30 ne ya ba shi lamba guda, shi ya sa ƙaramin dutse irin Dala ko Goron Dutse yake fitowa a dasashe, kuma ƙananan kwazazzabai sukan ɓace gaba ɗaya. Mai awon fili ko mai tsara magudanar ruwa ba zai dogara da ita ba. Sunayen garuruwanmu kuma da rubutun Turanci suke, babu ɗ babu ƙ, abin da ba na jin daɗinsa.

Batun data shi ne abin da zai fi damun makarantun da ba su da intanet mai ƙarfi, domin hotunan suna da nauyi. Mafita ita ce manhajar tana iya ajiye har gigabait 2 na wuraren da aka riga aka duba, don haka malami yana iya zagaya Jos da dutsen Zuma da mahaɗar Neja da Binuwai a Lakwaja tun da dare a inda yake da sabis, washegari ya shiga aji da kwamfutarsa ya nuna su ba tare da intanet ba. Ina ba malaman labarin ƙasa shawarar su fara da garin da ɗalibansu suke zaune, su ja layi daga ƙofar makaranta zuwa rafin da ya fi kusa, kafin su tafi tsaunin Chappal Waddi na Taraba mai tsayin mita 2,419.