Hattara da mai sassaƙa tsofaffin tayoyi yana sayar wa direbobin sahara

Assalamu alaikum 'yan uwana direbobi da iyayen gidanmu masu motoci, musamman ku da kuke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Abin da ya same ni nake so ku ji, don mutumin da ya cuce ni har yanzu yana yawo da hajarsa.

Ba shi da shago. Hotuna yake turawa a WhatsApp, in kun daidaita ya kawo maka har tasha. Tayoyi huɗu na saya a hannunsa, 7.50R16, na Land Cruiser ɗina, a kan abin da bai kai rabin kuɗin sababbi ba. Baƙaƙe wuluk, suna sheƙi, zanensu da zurfi har yatsa na shiga. Ya ce, "Alhaji, daga Turai suka sauka, ko wata shida ba su yi a kan titi ba." Na duba zane na ji daɗi, na biya.

Daga Damagaram har Agadas ba su nuna komai ba. Da muka shiga rairayi na rage musu iska kamar yadda kowa yake yi. Rana ta biyu, wajen azahar, ta baya ta hagu ta tashi kamar an harba bindiga, gefenta ya tsage fiye da taƙi guda. Muka ɗaura safaya. Kafin magariba ta baya ta dama ta yi ƙulli a gefe kamar ƙwan jimina. Da ba a cikin ayari muke ba, da wani bawan Allah bai ara mini tasa safayar ba, ban san yadda za mu ƙare ba, ga mutum goma sha ɗaya a mota, har da mata da yara. Duk mai bin hanyar nan yana tuna 2017, lokacin da mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. A Tenere, wato saharar da ke tsakanin Agadas da Bilma, duk awar da ka ɓata a tsaye daga cikin ruwan jarkarka take fita.

A Dirku wani dattijo mai faci ya zare tayar ya kira ni. "Ɗana, zo ka ga abin da ka saya." Ya buɗa zanen da yatsa, sai ga waya tana leƙowa a ƙasan ramin. Ashe tayar ta suɗe ne, aka sa wuƙa mai zafi aka sake yanka mata sabon zane. Robar da ya kamata ta rufe wayoyin ita aka kwashe. Tayoyin manyan motoci ne kawai ake ƙerawa da kaurin da zai ɗauki wannan aikin, su ma sai wadda aka rubuta REGROOVABLE a gefenta. Da ya kifa ta, sai ga faci a ciki daidai gefen da ya tsage, an shafe shi da baƙin fenti. Gefen taya kuwa ba a yi masa faci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da na tsaya dubawa shi ne wanda rairayi bai damu da shi ba. A yashi mai laushi ba zurfin zane ke fitar da kai ba, taya mai manyan haƙora ma tona rami take yi ta binne kanta. Abin da ke ɗauke mota shi ne rage iska, ka sauko wajen kilo 1 zuwa 1.3, wato 15 zuwa 18 a ma'aunin masu facin Najeriya, tayar ta kwanta ta shimfiɗu. To da ta kwanta, gefen ne yake lanƙwasawa a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, ga lodi, ga rana. Tsohuwar roba da ta bushe ba ta jure wannan. Macucin ya san idon mai saye a kan zane yake sauka, shi ya sa can ya yi aikinsa.

Shekarun taya a rubuce suke a jikinta. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Uku daga cikin nawa an rubuta 1523, wato mako na 15 na 2023, amma in ka shafa wurin da babban yatsa za ka ji ya faɗa, ya fi sauran jikin santsi, an goge na asali an buga wani. Ta huɗun ya manta da ita: 0812. Tayar 2012 ce. Kamfanonin taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba.

Kafin ka biya, sa a goge gefen da ruwa da tsumma, sheƙin ya tafi, ka danne shi da gwiwa a rana, ƙananan tsaga za su buɗe baki. Leƙa cikin ramin zanen, tayar kirki tana da 'yan tudun roba a gicciye masu nuna iyakar suɗewa, wadda aka sassaƙa an yanke mata su, kuma layukan ba sa tafiya daidai. Kada ka yarda a kawo maka taya a ɗaure a kan ƙarfenta, sai ka sa hannu ka shafa cikinta duka. Mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, galibi don ƙasashen sanyi aka yi ta.

Da na dawo na kira mai tayoyin, ya ce ni na rage iska fiye da ƙima. Washegari lambar ta daina shiga. Na kai maganar ga shugabannin tasharmu, tayoyin biyu kuma na ajiye su a can, duk mai so ya je ya gani da idonsa. Mutumin dogo ne, yana zuwa da babur mai ƙafa uku, kullum cikin gaggawa yake wai wani Alhaji na jiran kayan. Wani direban ya ce mini ya ga hotunan irin tayoyin a wani zauren WhatsApp da wata sabuwar lamba. Don Allah ku tura wa duk wanda kuka san zai shiga sahara a ayarin mako mai zuwa.