Na gyara tsohon hedifon ɗina a gida: abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba

Shekara shida ke nan ina aiki da hedifon guda, Sony MDR-7506, wanda na saya na hannu a Adum, cikin birnin Kumasi na Ghana. Sana'ata gyaran murya: tafsirin da ake ɗauka a masallatan Aboabo da Asawase da azumi, wa'azin ɗaurin aure, wani lokaci ƙasidun 'yan makarantar Islamiyya a watan Mauludi. Tun 1991 ake ƙera irin wannan hedifon, kuma har gobe ma'aikatan rediyo ba su rabu da shi ba, don ba ya rufa wa rikodin asiri. In fanka na kaɗawa a bayan malam, ko makirfo na huci, sai ka ji.

Katifar kunnen da na same shi da ita ta ci zamaninta. Zufar Kumasi ba ta barin fatar roba ta yi tsawon rai. Ta dinga ɓarewa har ina tashi daga aiki da baƙin gari a wuya. Wayar kuwa ƙafar kujerata ce ta yi ta taka ta, har kunnen dama ya fara ɗaukewa. Raina bai ba ni in jefar da shi ba. Na sayo katifa iri biyu, ƙaramin soket mai milimita 3.5, da waya mai saƙa, na baje su a teburin ɗakina. Yau wata biyar da gama aikin.

Katifar farko mai kauri ce, ta fatar roba, ba ta da sunan kamfani a jiki. A ido ta fi kowacce kyau, kuma da na saka ta sai na ji kamar an dasa ganga a kaina. Na yi murna kwana biyu. A na uku na gyara karatun wani malami da ita, na ji muryarsa ta yi kauri da yawa kamar yana magana daga cikin randa, sai na rage amon ƙasa. Da ɗalibinsa ya kunna a sifikar shago, muryar ta fito siririya, babu cika babu kwarjini. Dole na sake aikin tun daga farko, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin amana aka ba ni.

A nan na gane abin da ke faruwa. Tsakanin sifika da kunnenka akwai ɗan ɗaki, katifa ce bangonsa. In bangon ya toshe iska gaba ɗaya, amon ƙasa ya ƙaru. In ya yi zurfi, sifika ta yi nisa da kunne, tsakiyar sauti, inda muryar ɗan Adam take zaune, ta ja baya. Katifar ba ƙarin sauti ta yi mini ba, ƙarya ta dinga faɗa mini game da abin da ke cikin rikodin. Ga zafi kamar an rufe kunne da leda. Kafin mako uku ɗinkinta ma ya fara warwarewa.

Ta biyun ta karan-miski ce, an yanka ta a girman katifar wani hedifon, Beyerdynamic DT 250, wadda masu irin hedifon ɗina suka daɗe da sanin tana hawa daidai. Ita ce ta biya kuɗinta. Yadin yana barin iska ta wuce, don haka bugun ƙasa ya ɗan sauka, murya ta dawo gaba inda ya kamata. Ina zama daga bayan Isha har sha biyu ban share kunne ba. Amma a san da wannan: ba ta tare hayaniya kamar fata. Ina jin masu keken pragya mai ƙafa uku a titi, ina jin janaretan maƙwabci, kuma in kana ɗaukar murya kusa da makirfo, abin da kake sauraro zai iya zubowa ya shiga. Da hunturu tana shan ƙura; nakan cire ta in wanke da ruwan sabulu kaɗan, in shanya a inuwa.

Akwai wata dabara da ba ta ci mini ko sisi ba. Wannan hedifon yana fito da kaifin sauti sosai, abin da ke da amfani wajen aiki amma yana gajiyar da kunne in an daɗe. Na raba takardar goge hannu, na ɗauki falle ɗaya siriri, na shimfiɗa a gaban sifika ƙarƙashin katifa. Kaifin ya lafa daidai gwargwado. Da na gwada falle biyu, sai sin da sad suka fara kama da juna a bakin mai karatu. Wanda ke gyaran karatun Alƙur'ani ba zai yarda da haka ba. Na koma ɗaya.

Aikin waya, wato cire tsohuwar a dasa soket a gurbinta, shi ne mai wuya. Ka cire katifar hagu, ka kwance sukurorin da ke ƙarƙashinta, sannan kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka. Zaren da ke ciki sirara ne kamar gashi, kuma an shafe su da wani fenti da ke hana dalma kamawa, sai ka narkar da shi a bakin zaren tukuna. A fulogi, kan nan na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na haɗin duka biyun. Soket ɗin farko na narkar da robarsa don na daɗe da ƙarfen narka dalma a kai. Na biyun na kai wa wani mai gyara a PZ, wurin masu kayan lantarki a Adum, ya auna mini da mita kafin in rufe. Ya duba ya ce, “Yaya, haɗin ya yi. Amma kusa da sifika kar ƙarfenka ya wuce ƙirga biyu. In zaren cikinta ya tsinke, babu mai ɗaura shi.”

Wanda ya sayar mini da waya mai saƙa ya rantse za ta buɗe sauti. Na saurari karatu ɗaya da ita, na saurara da wata mai araha, sau da yawa, ban ji bambancin komai ba. Lissafi ma bai goyi bayansa ba: a ma'aunin turjiyar lantarki, sifikar tana da om 63, gajeriyar wayar tagulla kuwa ba ta kai om ɗaya ba, to me za ta canza? Amfaninta daban ne, kuma na gaske ne. Tsohuwar mai murɗe tana kai mita uku in an ja ta, tana da nauyi, ba ta dace da shiga motar haya ta trotro ba. Yanzu in waya ta lalace, zare ta zan yi in soka wata. Da na sani da mai arahar kawai na saya.

Batun ado, niyyata in naɗe maɗaurin kai da kente. Ina da falle ɗaya da aka kawo mini daga Bonwire, garin masaƙan kente, faɗinsa kamar tafin hannu, yadda ake saƙa shi. Na kai wa wani dattijo baduku a unguwarmu. Ya juya hedifon ɗin a hannunsa, ya shafa yadin, ya ce, “Ɗana, kente ba ya shiri da zufa da man gashi. Bari in sa jar fatar akuya a ciki inda zai taɓa kai, kenten ya hau sama inda ido zai gan shi.” Na ce, “Yadda kuka gani, Baba.” Kwana biyu ya yi yana ɗinkin hannu, ya bar gurbi a gefe biyu don hedifon ya ci gaba da naɗewa. Ban yi tunanin wannan gurbin ba sam, shi ya lura.

Abu ɗaya ya rage. Ramin da na faɗaɗa wa soket ya ɗan fi shi girma, in na juya kai da sauri yakan motsa. Na sayo gam mai haɗi biyu, ranar Asabar zan sake buɗe kunnen hagu in kafe shi, kafin rikodin ɗin azumi su fara shigowa.