Wa Za Ka Damƙa Wa Lissafin Shagonka? Shawara Kafin Sayen Manhaja

Duk ɗan kasuwar da hajarsa ta fara yawa, ko a Kantin Kwari yake ko a Singa, wata rana littafi da biro za su gaza masa. Yaran shago sun ƙaru, an kama sito na biyu, sunayen masu karɓar kaya bashi sun cika shafuka. A nan ne ake fara cigiyar manhajar kwamfuta da za ta riƙe lissafin kaya da rasit da bashi. Yawancinmu farashi kawai muke tambaya, alhali mai sayarwar ya fi farashin muhimmanci, domin shi za ka damƙa wa sirrin kasuwancinka na shekaru.

Mu fara kawar da ta sata, wadda ake zuba maka a kasuwar waya da 'yan dubbai. Haƙƙin wani ce, ba a sabunta ta, kuma ran da ta ƙi buɗewa ba ka da wanda za ka kira. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, kuma ta kan Windows ɗin da ba a sabunta ba ta shiga. Wannan ba hanya ba ce.

Sai manyan kamfanonin waje. Akwai QuickBooks na kamfanin Intuit na Amurka, da Sage 50 na Ingila wanda tsofaffin akantoci har gobe suke kira Peachtree, da Zoho Books da Tally na Indiya. Alherinsu a fili yake: an daɗe ana gwada su, lissafinsu ba ya kwana, kuma ba za ka sha wuyar samun akantan da ya iya su ba. Amma ka fara tambayar da wane kuɗi ake biya. Wanda ya ɗauki ta biyan dala a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500. Manhajar ba ta ƙara komai ba, kuɗin wata ya ninka uku. Zoho yana karɓar naira, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sannan girman kamfani ba ya nufin zai zauna da kai har abada: a 2023 Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya gaba ɗaya, masu amfani da shi suka kwashi bayanansu suka nemi wani wuri.

Akwai kuma matsalar sabis. Wadda take aiki ta intanet kaɗai, in sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya. Mun ga haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Ka tambaya ko za ta iya buga rasit ba sabis, ta tura bayanan daga baya.

Hanya ta uku ita ce na gida: ƙaramin kamfani, ko matashi guda da ya rubuta manhajarsa. Ni a nan zuciyata take, ba na ɓoyewa. Ɗan gida ya san cewa atamfa tana shigowa a dila ta fita a turmi, shadda a bandir ta fita a yadi, taliya a katan ta fita ɗaiɗai. Ya san akwai abokin cinikin da yake ɗaukar kaya ranar Asabar ya biya rabi ranar Laraba, sauran sai bayan sallah. Za ka yi masa bayani da Hausa, ya zo shago da ƙafarsa. Sai dai haɗarinsa ma babba ne, kuma ba rashin amana ba ne kullum. Mutum ɗaya ne. Zai iya samun aiki a Abuja, zai iya tafiya karatu waje, ciwo da mutuwa kuma suna kan kowa. In shi kaɗai ya san cikin manhajar, shi kaɗai yake da babbar lambar sirri, to ka gina ɗaki ne a filin aro.

Tsakanin biyun akwai Odoo na Beljiyam, wanda yake da nau'in kyauta da kowa zai iya duba cikinsa ya gyara. Ɗan gida zai iya ɗora maka shi ya daidaita shi da harkarka, in kun rabu wani ya ci gaba. Ga mai sito fiye da ɗaya, wannan ya cancanci a duba shi da kyau. Ga ƙaramin shago yana iya yin nauyi.

Ko wanne ka karkata gare shi, gwajin da ya fi kowanne shi ne na fita. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ce wa mai sayarwar ya nuna maka a gabanka yadda za ka kwashe jerin kayanka da sunayen masu bashi da cinikin shekara zuwa Excel, manhajar jadawalin lissafi, da hannunka, ba sai ka roƙe shi ba. Mai gaskiya zai nuna maka cikin minti kaɗan. Wanda ya fara kame-kame, yana cewa ai ba za ka buƙata ba, so yake ya ɗaure ka. Haka ajiyar kwafin bayanai: kowa zai ce yana yi. Ka ce ya dawo da na jiya a wata kwamfutar ka gani da idonka.

Ka binciki sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne. Ka nemi ya haɗa ka da 'yan kasuwa biyu ko uku da suka shekara suna aiki da shi, ka je wurinsu ba tare da shi ba. Kada ka tambaye su ko manhajar tana da kyau. Tambaye su ranar da ta lalace, wa ya ɗaga waya, kuma awa nawa aka yi kafin a gyara. Ka tabbatar kuma tana nuna wanda ya goge rasit ko ya sauya farashi, da lokacin da ya yi, kowane yaro da lambar sirrinsa. Wannan kariya ce ga dukiyarka, kariya ce kuma ga yaron kirki daga zargin banza.

A rubuta yarjejeniya, ko da ɗan amininka ne. A sa kuɗin shekara, da wanda zai biya in doka ta sauya, kamar yadda harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020 kowa ya gyara rasit. A rubuta cewa bayanan naka ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara sunaye da lambobin wayar mutane nauyin tsare su, don haka in suka fita ta hannun mai manhaja, kai ma za a tambaye ka.

Kuɗin kuma a raba shi. Ka riƙe kason ƙarshe har sai manhajar ta yi wata guda tana tafiya tare da tsohon littafinka, an ƙirga kayan sito, lissafin biyu ya zo daidai.