Gwajin SDMA da na yi wa karen gonata

Shekara tara Duna yana gadin gonata a bayan gari. A bara ya fara shan ruwa kamar ba gobe, fitsari kuma ba ƙaƙƙautawa, ga rama har ƙasusuwan ƙugunsa suka fito. Da farko na ɗauka tsufa ne da zafin bazara.

A wani asibitin dabbobi mai zaman kansa aka ɗebi jininsa aka duba kiriyatinin, sinadarin da aka daɗe ana auna lafiyar ƙoda da shi. Ya nuna 1.3, wato bai haura iyaka ba. Har na miƙe zan tafi, sai likita ta ce, "Malam, dakata. Wannan lambar ba ta kwantar mini da hankali ba." Ta bayyana mini cewa daga tsoka kiriyatinin yake fitowa, don haka kare da ya rame yana iya nuna adadi mai kyau alhali ƙodarsa tana lalacewa. Ƙari a kan haka, ba ya tashi sai wajen kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda ya tafi.

Ta ba ni shawarar gwajin SDMA, wani sinadari a jini da shi ma ake auna lafiyar ƙoda da shi, gwajin da kamfanin IDEXX na Amurka ya fito da shi a 2015. Shi ba ruwansa da yawan tsoka, kuma yakan tashi tun an rasa wajen kashi 40. Lafiyayyen kare ba ya wuce 14. Na Duna ya zo 21.

Inda nake da ƙorafi shi ne kuɗi da jira. Ya fi gwajin farko tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a nan ake yin sa ba, sai da aka aika jinin wani gari, na yi kwana shida ina bugun waya. Abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya gaya mini tun farko cewa sau ɗaya ba ya isa. Kare da ƙishirwa ta busar da jikinsa ma adadinsa yana iya hawa, saboda haka dole a maimaita bayan ya sha ruwa ya natsu. Bayan mako uku muka sake, ya ba da 23. Aka duba fitsarinsa, ya tsinke sosai, aka kuma auna hawan jini. Sai a lokacin likita ta ce yana mataki na biyu na ciwon ƙoda cikin matakai huɗu na IRIS, ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin ciwon ƙoda, matakin da a karnuka yake kamawa daga SDMA 18 zuwa 35.

Wani maƙwabcina ya ce da ni, "A kan kare za ka kashe wannan kuɗi?" Ni dai na san dare nawa na yi barci a gida don yana can yana tsare mini awaki.

Ciwon ba ya warkewa, likita ba ta ɓoye mini ba. Amma mun daina ba shi ƙashi da kan kifi saboda yawan sinadarin fosfarus, mun canza masa abinci, ruwa kuma ba ya yankewa a gabansa. Wata bakwai ke nan, ramar ta tsaya, yana cin abincinsa. Mai tsohon kare da ya fara ramewa da yawan shan ruwa, ina ba shi shawarar ya nemi wannan gwajin, amma ya tanadi kuɗin zuwa biyu da na fitsari. Mu wata mai zuwa za mu koma a sake aunawa.