Kan mashin na milimita 22 mai sanda ko mai kauri na milimita 28, ga ɗan uwa mai Yamaha AG200

Ɗan uwa na ga tambayarka, wai kan AG ɗinka, wato bututun da ake riƙewa a tuƙa mashin, ya lanƙwashe kana tsakanin na alminiyom mai sanda a tsakiya da wancan mai kauri da yara ke yayi yanzu. To ni duka biyun sun bi ta hannuna, kuma kai tsaye zan ce maka sayi na 22 mai sanda ka huta.

Aikina gyaran famfon sola ne a ƙauyuka, kusan kullum ina hanyar Binji ko Silame ko in bi ta Kware in sauka kwalta in shiga daji, ka ko san rairayin wajenmu in rani ya yi, taya na nutsewa kan mashin na fizgarka hagu da dama kamar kana kokawa da ɗan maraƙi. Na ƙarfen da mashin ya zo da shi sau uku yana lanƙwashewa, kowane faɗuwa sai an kai wa mai walda ya zura bututu ya miƙe shi, har ya kai ina tafiya miƙe amma hannun dama ya fi na hagu matsowa jikina, kafaɗata ta yi ta ciwo ban gane dalili ba sai da bakanikena ya tsaya gaban mashin ya ce Malam kai ka ke tuƙi a karkace. Nan na sa na alminiyom mai sanda, ƙirar kamfanin Renthal na Ingila, na hannu ne ma wani ya cire daga mashin ɗin da anka kawo daga waje. Ranar da na san na yi sayayya wata safiya ce cikin hunturu bayan Binji, ga akwatin kayan aiki ɗaure a baya ga famfo guda, na shiga wani kwari da rairayi ya taru, gaba ya nutse, sai gani na a ƙasa mashin ya kwanta ta dama da dukan nauyinshi. Wasu mata masu ɗaukar ruwa sunka yi ta sannu, wani dattijo ya kama mani munka tada shi. Na tsaya gaba na daidaita taya na duba, wallahi kan nan ko gezau, robar hannu ce kawai ta yage a baki sai hannun birki da ya juya ƙasa, na buga shi da tafin hannu ya koma na ci gaba da tafiyata. Shekara ta uku ke nan yana kai. Kuma zirin nan da ke sa yatsu su mutu in ka daɗe bisa hanya mai gargada ya ragu ƙwarai, da in na dawo gida sai na yi ta yarfa hannu kafin in iya riƙe kofin shayi.

Mai kaurin kuma, to, yana da ƙarfi, ba zan yi mashi ƙarya ba, an yi shi ne don masu tsere da ke tashi sama da mashin suna dira. Na saya don sha'awa na yi wata biyu na cire. Tsakiyarshi milimita 28.6 ne, mazaunin AG kuma, wato abin da ke riƙe kan, na 22.2 ne, ba ya zama sai ka ƙara sayen adafta, ita kuma ta ɗaga kan sama, wayar kuloci da ta totur sunka gaza, kuɗi kan kuɗi, ga notin adaftar da ke kwancewa a gargada. Yana nan rataye a zaure.

Abu guda da za ka sani kan alminiyom, in har ya lanƙwashe ba a miƙe shi. Ƙarfe yana haƙuri da miƙewa, shi kuwa tsagewa yake ta ciki inda ido ba ya gani, wata rana kana cikin gudu ya ɓalle. Kada ka bari wani ya ce zai gasa maka shi da wuta.

Wajen ɗauri ka tsaya kan bakaniken, kar ka aje mashin ka tafi shan fura. Na farko makunnin fitila da hon da gidan totur suna da wani ɗan haƙori a ciki da ke shiga rami a jikin kan asali, sabon ba ya zuwa da ramin, to ko a auna a huda ɗan ƙarami daidai wurin ko a goge haƙorin a naɗa salatif, ni hudawa na fi so don in an goge gidan totur na iya juyawa a hannunka. Na biyu notin mazauni guda huɗu, a duba murfin, in yana da ɗigo ko alama ita ke kallon gaba, a fara ɗaure na gaba sannan na baya, kuma kafin a ƙarasa ɗaurewa ka hau ka zauna, ka miƙe tsaye bisa matakai kamar za ka ratsa rairayi, ka ji in hannunka ya zauna daidai. Na uku, wanga shi ne mai kashe mutum, a tada mashin a bar shi yana silo, ka juya kai har ƙarshe hagu ka juya har ƙarshe dama, in ka ji ƙarar inji ta ƙaru da kanta to wayar totur ta ɗame, a sake mata hanya ko a sa mai tsawo. Ka murɗa totur ka saki, dole ya koma da kanshi tas. Ka duba kuma kar makunni ya riƙa bugun tanki. Faɗin kan alminiyom ɗin wajen santimita 80 ne, in kana bin hanyar shanu mai ƙaya ko lungunan cikin gari ana iya rage kaɗan a kowane gefe daidai wa daida, amma ni ban rage ba, faɗin ne ke ba ni iko cikin rairayi. Ramin cikinshi kuma ya fi na ƙarfe ƙanƙanta, in kana da ƙarfen kare hannu mai shiga ta baki sai an canza abin da ke riƙe shi.

Sai batun masu sayarwa, don Allah ka buɗe ido. Akwai wanda ya taɓa miƙo mani wani mai ruwan zinari yana ƙyalli da sitika, yana rantsuwa da girman Allah wai na Ingila ne, na ciro ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika da nake yawo da shi a aljihu na ɗora, ya manne caf. Ƙarfe ne anka yi wa fenti. Alminiyom maganaɗisu ba ya kama shi. Amma ko bai kama ba ka leƙa bakin bututun, na kirki namanshi da kauri, jabu siriri ne kamar bututun labule, kuma na gaske sunan da lambobin da layukan saiti a jikinshi suke, ba sitikar da farce ke ɓarewa ba. In na hannu ne ka cire soson sanda ka duba gindin lanƙwasa da inda mazauni ya kama ko akwai tsaga, ka ɗora shi bisa siminti mai sumul ka ga in gefe guda ya ɗaga.

Ka tafi da tsohon naka kasuwa ka jera su ka gwada tsawo da yadda ya karkato baya, ka ɗauki wanda ya fi kusa da shi don wayoyinka su kai ba sai ka sake saye ba. Ka haɗa da sabuwar robar hannu, ka tuna ta dama ta fi faɗin rami don bisa totur take hawa, a sa gam a bari ya kwana kafin ka hau.